Gabana yana faɗuwa, barci ya ƙaurace mini: ta yaya ake kwantar da hankali?

*"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, nan Gombe, shekarata 43. Na tara masara da kuɗin mutane, farashi ya karye, na shiga bashi. Yau wata biyar ke nan ban san barcin kirki ba. In na kwanta sai lissafi ya taso, in ma barcin ya ɗauke ni, ƙarfe biyu na farka gabana yana faɗuwa kamar an aiko mini da mugun labari. Sau biyu abin ya kama ni a kasuwa da rana tsaka: zuciya tana dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isa ta, yatsuna suka sage kamar ana tsira musu allura, na ɗauka tafiyar ce ta zo. An kai ni asibiti, aka auna zuciya aka ce lafiya lau, sai dai jinina ya ɗan hau. Mai kemis ya ba ni wata ƙaramar ƙwaya ruwan ɗorawa, yau sati shida ina sha. In na sha ina barci, in ban sha ba ido biyu har asuba. A gida ana cewa sammu ne ko iska. Kowa ce mini yake in kwantar da hankalina. Likita, ta yaya ake kwantar da shi?"*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba ka lafiya, ya kawo mafita a kan bashin nan. Tambayarka ta ƙarshe ce ta fi tsaya mini a rai, domin kusan kullum sai na ji ana faɗa wa wani "ka kwantar da hankalinka" a bakin ɗakin da nake duba marasa lafiya, kuma ban taɓa ganin hankalin da ya kwanta don an ba shi umarni ba. In na fahimce ka, abu uku ne suka haɗe maka: faɗuwar gaba da har takan kai ga firgici, barcin da ya ƙi zuwa, sai ƙwayar da ka fara jingina da ita. Biyun farko tushensu ɗaya. Na ukun wani sabon ciwo ne ke shirin tsirowa a gefe, zan zo kansa.

Totur da birki

A jikin ɗan Adam akwai wasu jijiyoyi da ke aikinsu ba tare da sun nemi izininka ba. Su ke kula da bugun zuciya, da narkewar abinci, da zufa, da buɗewa ko tsukewar hanyoyin jini. (Jijiya a nan ina nufin mai ɗaukar saƙo kamar wayar lantarki, ba wadda jini ke gudana cikinta ba. Hausa ce ta haɗa musu suna.) Sun kasu gida biyu, ni kuma da totur da birkin mashin nake kwatanta wa mutanenmu su. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai ta murɗa totur, wasu 'yan ƙulluttai biyu da ke zaune a saman ƙoda su sako sinadarin adirenalin cikin jini. Kafin ka ƙifta ido zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, jini ya janye daga fata da hanji ya tafi manyan tsokoki. Wannan janyewar tana daga cikin abin da muke ji a ciki mu ce gabanmu ya faɗi. Wani masani na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan tun 1915, ya ce jiki ne ke shirin ɗayan biyu, ko faɗa ko gudu. Bayan adirenalin sai wani sinadarin mai suna kotizol ya biyo, shi kuma ba ya gaggawa: yana ɗaga sukari a jini, ya riƙe mutum a faɗake awa da awanni.

Birkin kuwa, mafi yawan aikinsa ta wata doguwar jijiya yake bi, likitoci suna kiran ta begas, wato mai yawo a harshen Latin. Daga ƙasan ƙwaƙwalwa take gangarowa ta wuya, ta taɓa maƙogwaro, ta taɓa zuciya da huhu, har ta kai hanji. Ita ke rage bugun zuciya, ta bar ciki ya narkar da tuwonsa. Abin da nake so ka riƙe game da ita shi ne, kusan kashi 80 cikin 100 na zaren da ke cikinta daga jiki suke kai rahoto sama, zuwa ƙwaƙwalwa. Ashe ke nan ƙwaƙwalwa sauraron ƙirji da ciki take yi kafin ta yanke hukunci ko lafiya ake. Maganar baki ba ta cika isa wurin ba, amma rahoton ƙirji yana isa. Ta wannan ƙofar za mu shiga.

Totur ba abokin gaba ba ne. Mu da muke da asibitin saran maciji a Kaltungo mun san amfaninsa: ka ɗaga buhu a sito ka yi arba da kububuwa, shi ne ke sa ka yi tsalle baya tun kafin ka yi tunani. Inda gizo ke saƙar shi ne jiki bai iya bambance kububuwa da kiran wayar mai bin ka kuɗi ba. Maciji cikin minti biyar an kashe shi ko ya sulale. Bashi kuwa ya kwana da kai wata biyar, hannu yana kan totur dare da rana, har jikin ya saba da tashi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Abin da ya kama ka a kasuwa, bisa yadda ka zayyana shi, shi muke kira farmakin firgici. Totur ne ya murɗu gaba ɗaya lokaci guda. Mutum ya shiga haki, yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, jiri ya zo, yatsu da gefen baki su sage, wani ma hannunsa ya ƙandare. Yana ji kamar iska ba ta isar sa, alhali jininsa cike yake da oksijin. Ganin waɗannan alamu sai tsoro ya ƙaru, tsoron ya ƙara murɗa totur, haka abin ke ciyar da kansa. Yawanci cikin kamar minti goma yake kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka da kansa, kuma shi kaɗai ba ya kisa. Ɓarnarsa tana zuwa ne daga baya, lokacin da mutum ya fara jin tsoron tsoron. Sai ka ga yana taɓa ƙirji kowane lokaci yana sauraron zuciyarsa. Na duba wani magidanci da ya shekara bai shiga tsakiyar sahu ranar Juma'a ba, kullum bakin ƙofa, don kada abin ya kama shi ya rasa hanyar fita. Duk gudun da aka yi, jiki yana ƙara gaskata cewa lallai akwai haɗari a wurin.

Zancen sammu da iska, ba zan ja da mutanen gidanka ba, ƙauna ce ta sa suke neman dalili. Addu'a kuwa babu likitan kirki da zai hana ka. Abin da zan ce kawai, duk abin da ka lissafa sananne ne, hanyarsa a jiki sananniya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a shekarar 2019. Cikin waɗanda na duba akwai alarammomi da limamai, saboda haka kada wani ya sa ka ɗauka raunin imani ne. Ka dai kiyayi jiƙe-jiƙen da ba ka san abin da ke ciki ba, da mai maganin da zai ƙara maka bashi a kan bashi.

Kafin mu tattara komai mu ɗora wa damuwa, akwai abubuwan da ke sa rigarta. Ƙullutun maƙogwaro, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, in ya yi aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya da rama da rawar hannu da rashin barci. Ƙarancin jini ma haka, faɗuwar sukari ma haka. Maganin asma irin su Ventolin, da wasu magungunan mura, da ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake sha don ƙiba, duk suna tayar da zuciya. Awon zuciyar da aka yi maka bai rufe waɗannan ba, ka nemi a duba su. Jinin da ya ɗan hau kuma a sake auna shi a ranaku daban-daban kana zaune cikin natsuwa, domin awon da aka yi wa mutum a firgice ba abin yanke hukunci ba ne.

Numfashi, da yadda ake yin sa ba daidai ba

Ba ka da ikon ce wa zuciyarka ta rage gudu, ba ka da ikon ce wa zufa ta tsaya. A duk cikin ayyukan nan, numfashi ne kaɗai ke da direba biyu: yana tafiya da kansa, kuma kana iya karɓar sitiyari. Gwada wannan yanzu. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa, har ka ji bugu. Shaƙi iska a hankali, sannan ka sake ta a hankali. In ka natsu za ka lura bugun yana ɗan ƙara sauri lokacin shaƙa, yana ɗan lafawa lokacin fitarwa. A matasa ya fi fitowa fili, amma yana nan. Wannan lafawar aikin begas ne. Duk fitar numfashi taka birki ce, in ka tsawaita ta ka tsawaita birkin.

Yadda nake koyarwa: ka zauna ka jingina, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka bar hannun cibiya ya taso, na ƙirji ya zauna kusan shiru. Sannan ka tsuke baki ka fitar a hankali kana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi a ludayi ba ya so ya fantsama. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Wannan zai sauko da kai wajen sau shida. In huɗu da shida sun yi maka tsawo da farko, fara da uku da biyar.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne wanda 'yan uwa ke jawowa da cewa "ja dogon numfashi". Sai mutum ya buɗe baki ya zuƙi iska da ƙarfi, kafaɗu su tashi har kunne, ya sake zuƙa. Wannan hakin ne dai da ya kawo jirin tun farko. Na tuna wani tela da ya zo mini ana saura kwana goma Sallah, ɗinkin mutane ya taru, kwana yake a kan keke. Na ce ya nuna mini yadda yake numfashi in abin ya taso. Ya yi sau takwas ko tara, sai ya dafe teburina ya ce, "Likita, ga shi nan ya zo." A gabana ya kira ciwon da kansa. Na ce ya rufe baki, ya ɗora hannu a ciki, muka yi ta ƙirgawa tare, ni ina buga biro a tebur. Minti huɗu ba su cika ba ya dube ni ya ce yatsunsa sun dawo. Abin da ya fi yi masa amfani ran nan shi ne ganin da ya yi da idonsa cewa abin yana da makunni, kuma makunnin a hannunsa yake. Numfashin da muke nema ƙarami ne, mai laushi, wanda na kusa da kai ba zai ji ƙararsa ba.

Kuskure na biyu shi ne ajiye shi sai ranar da abin ya taso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi minti biyar zuwa goma sau biyu a rana lokacin da kake lafiya lau, misali bayan sallar Asuba da bayan La'asar, tun kana kan sallaya. Kwanakin farko za ka ji kamar wasan yara ne, wataƙila ma ka ji ƙunci don ka mai da hankali kan ƙirjinka. Ka ba shi sati biyu zuwa uku kafin ka yanke masa hukunci.

In kuma ya kama ka a kasuwa, kada ka ruga gida. Zauna a kan buhu, ka fara da fitarwa, doguwa. Ka karɓi fiyawata mai sanyi ka dafa a goshi da kumatu da kewayen ido. Sanyi a fuska yana sa begas ta rage bugun zuciya, irin abin da ke faruwa ga mai nutso a ruwa. Mai ciwon zuciya ya tambayi likitansa kafin ya yi wannan. Kada ka yarda a rufe maka baki da leda. Ka ɗaga ido ka ƙirga buhunan da ke gabanka, ka saurari cinikin da ake yi a rumfar maƙwabci, ka bar guguwar ta wuce kana wurin. Ranar da ta wuce ba ka gudu ba, ran nan ta fara rasa ƙarfinta.

Tsoka ma tana kai rahoto sama. Wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, tun shekarun 1920 ya lura cewa mai damuwa yana ɗaure jikinsa bai sani ba. Dabararsa mai sauƙi ce: ka dunƙule hannu tamau daƙiƙa biyar, ka saki, ka saurari bambancin na daƙiƙa goma sha biyar, sannan ka bi kafaɗu, muƙamuƙi, ciki, cinya, har yatsun ƙafa. Mutanenmu a muƙamuƙi da ƙeya suka fi tara damuwar, shi ya sa ake yawan kawo mini kukan ciwon kai mai kama da an ɗaura rawani an matse.

A nan zan ɗan ratse. A shekarun 1970 wani likitan zuciya a Harvard, Herbert Benson, ya nuna cewa maimaita kalma ɗaya ko addu'a cikin natsuwa, tare da dawo da zuciya a hankali duk lokacin da ta zille, yana rage bugun zuciya da saurin numfashi. Da na fara karanta wannan murmushi na yi, don na tuna tasbihin da Manzon Allah (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali su riƙa yi in za su kwanta, 33 da 33 da 34. Ban ce ibada motsa jiki ce ba, manufarta ta fi haka nesa. Amma alwala da ruwa mai sanyi, da karatu a tsanake wanda dole ya tsawaita fitar numfashi, da tsayawa a ruku'u da sujada har gaɓɓai su natsu, duk suna taka birkin nan. Mai sallar caccakar kaza yana asarar wannan ma. Marasa lafiyata Kiristoci daga Billiri da Kaltungo nakan ce musu su riƙa rera waƙoƙin sujada a hankali, don hanyar ɗaya ce.

Sai tafiya. Adirenalin don tsoka aka sako shi, kai kuwa a benci kake wuni, 'yan dako ne ke ɗaukar kaya. Minti talatin na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, shi ne awon da ake ba babba. In ka yi ta da sassafe bayan gari ya waye ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin hasken safiya ne ke saita agogon barcin dare.

Barci ɓarawo ne

Hausawa da suka kira shi ɓarawo sun gama magana. Ɓarawo ba ya shiga gidan da maigida ke zaune da tocila yana jiran sa. Bashi ne ya kore maka barci da farko, amma bayan wata biyar, abin da ke riƙe da ƙofar shi ne jiran da kake yi masa, da fargabar "yau ma ba zan samu ba" da ke fara maka tun Magariba.

Abu biyu ke kawo barci. Akwai yunwarsa, wani sinadari ne mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga farkawa, gwargwadon daɗewarka a farke gwargwadon nauyinsa. Akwai kuma agogon jiki, wanda haske da duhu ke saitawa. Ba ka faɗa mini kana cin goro ko shan shayi ba, amma ban san ɗan kasuwar hatsin da ba ya taɓa ɗaya daga ciki ba. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da ganyen shayi da Nescafe da lemukan ƙara kuzari yana toshe wurin da adenosin ke zama, sai yunwar barci ta ɓuya. Kuma yana daɗewa: wajen awa biyar ake yi kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ya sha mai kauri wurin mai shayi ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu rabin yana nan yana aiki. Ka duba lokacin da ka ce kana farkawa. Shawarata, daga Azahar a rufe wannan babin, a kuma rage shi sannu a hankali cikin mako guda ko biyu, don yankewa lokaci ɗaya tana kawo ciwon kai. Sigari ma mai tayarwa ce, ko da mai shan ta yana jin kamar tana kwantar masa.

Lokacin tashi shi ne turken. Mu Allah ya hutar da mu, Asuba ta riga ta kafa mana shi. Ko daren ya yi muni, ka tashi, kada ka koma ka rama har hantsi, domin ramuwar safe ita ke cinye yunwar barcin dare mai zuwa. Ƙailula in za ka yi, kada ta wuce minti ashirin zuwa talatin, kuma kafin La'asar.

Ga wanda ya fi wuya a karɓa. Kada ka hau gado sai barci ya fara fizgar ka. Masu irin matsalarka sukan kwanta tun bayan Isha'i don su "samu ko kaɗan", sai su yi awa uku suna juyi, har gadon kansa ya zama tsumman da ke tuna musu maciji. In ka kwanta ka ga an ɗauki kamar minti ashirin babu labari, da ƙiyasi ba da duba agogo ba, ka sauka. Koma kan tabarma cikin haske kaɗan, ka ja carbi ko ka yi numfashin nan, sai ka ji ido ya yi nauyi ka koma. Ko sau uku ne a dare, haka za ka yi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Richard Bootzin, ya tsara wannan a 1972, kuma yana cikin tsarin gyaran ɗabi'ar barci da Kwalejin Likitocin Amurka ta ce a 2016 shi za a fara ba mai daɗaɗɗen rashin barci kafin a kai ga ƙwaya. Makon farko za ka ji kamar abin ƙaruwa ya yi, kuma a makon kada ka yi dogon tuƙi. Galibi daga mako na biyu zuwa na huɗu ake ganin barcin ya fara haɗewa.

Farkawar tsakar dare ita kanta ba ciwo ba ce. Barci zagaye-zagaye yake yi, kowanne wajen minti 90, kuma kowa yana ɗan tasowa tsakaninsu, ya juya ya koma bai ma tuna ba. Kai da ka taso sai ka tarar da lissafi yana jiran ka a bakin gado. Lissafin ƙarfe biyun dare kuwa maƙaryaci ne, bashin dubu ɗari yakan koma miliyan. Maganinsa a ba shi lokacinsa da rana. Kai ɗan kasuwa ne, kana da littafi. Bayan La'asar ka ware minti goma sha biyar, ka rubuta wa ke bin ka, nawa, da mataki ɗaya da za ka ɗauka gobe a kan kowanne. Ka rufe littafin ka bar shi a rumfa. In tunanin ya zo da dare ka ce masa an rubuta, a haɗu gobe. Waya kuma ta kwana nesa da kai. Ana yawan zancen haskenta, amma ni abin da ke cikinta ya fi damuna: farashin kasuwanni a WhatsApp, da bidiyon kashe-kashe da ake turowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Jiki sai ya ɗan huce kafin barci ya kama, shi ya sa watan Maris da Afrilu, da zafin Gombe ke kai maki 40, kowa ke kuka. Wanka kafin kwanciya, da shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro, sun fi dabaru da yawa masu tsada.

Ƙwayar nan ruwan ɗorawa

Sai na ga kwalinta zan tabbatar, amma siffar da ka bayar da yadda take maka sun yi kama da diyazefam, wadda ake kira Valium ko D5, ko 'yar uwarta irin su Lexotan. Suna aiki, wannan ba ƙarya ba ne, kuma muna amfani da su a asibiti. Amma ƙa'idarsu gajeren lokaci ce, sati biyu zuwa huɗu. Bayan haka jiki yana sabawa, ɗaya ta daina isa, kuma daren da ba a sha ba rashin barcin yana dawowa fiye da na asali. Wannan "ido biyu har asuba" da kake gani, wani kasonsa aikin ƙwayar ne da kanta. Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren a farkon aikina: na rubuta wa wani dattijo ita ta kwana goma bayan rasuwar matarsa, ban ja masa kunne ba, ban ba shi ranar dawowa ba. Bayan wata takwas ya dawo yana shan uku a dare, yana saye a kemis da tsohuwar takardata. Mun fi wata uku muna janye shi.

Saboda haka kada ka ƙara yawanta, kuma kada ka yanke ta dare ɗaya. Wanda ya yi sati shida yana sha kullum, yankewar farat ɗaya tana iya kawo karkarwa da firgici mai tsanani, wani lokaci har da farfaɗiya. A hankali ake rage ta, bisa tsarin likita. Kada kuma ta haɗu da kodin ko tiramadol ko giya, haɗin yana iya danne numfashi cikin barci.

In an duba aka ga dabarun nan ba su wadatar ba, akwai magungunan fargaba na dogon zango waɗanda ba sa kama mutum irin wannan kamun. Suna ɗaukar sati biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kwanakin farko ma wani yakan ji jikinsa ya ɗan ƙara tashi, sai ya watsar ya ce ba su karɓe shi ba. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Na san abin da ke hana mutane zuwa: kada a gan su a "layin mahaukata". Ka zo ka ga layin, malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da matan aure da ɗalibai. Ita kanta dokar ƙasa ta canza, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Akwai alamun da ba a jira da su. Ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, musamman in yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko yana zuwa da aikin ƙarfi, suma, shanyewar gefe ɗaya ko karkacewar baki: wannan asibiti ne nan take, kada a ce ai fargabar ce. Haka nan in abinci ya fita ranka, abin da ke faranta maka da ya daina, ko zuciya ta fara raya maka cewa gara mutuwa, ka faɗa wa wani na kusa a ranar, ku zo tare. Bashi yana kai mazaje masu ƙarfi wannan wurin, kuma ana fitowa. Wanda kuma firgicinsa ya samo asali daga abin da ya gani da ido, kamar waɗanda suka tsira daga bama-baman tashoshin mota da kasuwar Gombe a 2014 da 2015, har yau in taya ta fashe sai jikinsu ya ɗauki rawa, nasu yana buƙatar zama na musamman da masani, numfashi kaɗai ba zai wadatar ba.

Ban duba ka ba, Alhaji, da wasiƙa nake aiki, kuma duk abin da na faɗa ba zai biya ko buhu ɗaya daga cikin kuɗin mutane ba. Abin da zai yi shi ne ya dawo maka da kan da za ka fuskance su da shi. Na lura masu bashi da ke kashe waya suna ɓuya sun fi kowa rashin barci, domin kowane sallama a ƙofar gida faɗuwar gaba ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a kasuwa irin taku babu wanda bai san yadda farashi ke karya mutum ba. Ka nemi dattijo ɗaya cikin shugabannin kasuwa da ake jin maganarsa, ku zauna da masu kuɗin ɗaya bayan ɗaya, a yanka abin da za ka iya biya da lokacinsa, a rubuta. Uwargida ma ta san gaskiyar adadin, in ba ta riga ta sani ba.

Ranar da za ka je asibiti, kuma ina so ya zama cikin makon nan saboda ƙwayar, ka tafi da kwalinta ko ragowar katin. A bayan littafin kasuwarka ka fara rubuta lokacin da ka kwanta, lokacin da ka farka, goro nawa da shayi kofi nawa, da ranar da firgicin ya zo da abin da kake yi a lokacin. In da hali Hajiya ta raka ka, domin likita zai tambaya ko kana minshari mai ƙarfi, ko numfashinka yana ɗaukewa cikin barci ka farka kamar an shaƙe ka. Wannan wani ciwo ne daban mai hawar da jini, ƙwayar barci tana ƙara masa muni, kuma Hajiya ce za ta iya ba da amsarsa, don kai a lokacin barci kake.